Kaset Ɗin Da Ba A Mayar Ba

Granby, farkon Oktoba

Maude, 'yar ƙanwata,

Tun shekarar da ruwan ƙanƙara ya kakkarya turakun lantarki, aka ɗauke mana wuta muna tsakiyar kallon fim ni da matata Fernande, ban zauna na rubuta wa kowa takarda don in roƙi wani abu ba. Yau ga shi na zauna. Amma bari in fara gaishe ki, kada ki ce kawunki ya tsufa har ladabi ya zube masa.

Ina fata kina lafiya, ke da ruwan samanku na Vancouver da ba ya gajiya. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da kunnuwan nan. Likita ya ba ni wani ɗan abu in riƙa cusawa a kunne. Da na cusa sai na ji firji yana gunaguni, na ji takun mutumin da ke samana har banɗaki, amma in mutum ya tsaya a gabana bakinsa kawai nake gani yana motsi. Na jefa shi aljihun tebur. Saboda haka kada ki sake kawo min zancen sa waya a ɗakin nan. Takarda ta ishe ni, ko da yake rubutuna ya kwanta gefe ɗaya kamar shingen da dusar ƙanƙara ta danne. Wanda ya bar makaranta ya shiga masana'antar takalma tun bai fara gemu ba, ba a neman fiye da haka a wurinsa.

Ɗakin da kika samo min a gidan tsofaffin nan ba laifi. Akwai taga, akwai murhu mai ido biyu, akwai wata maƙwabciya Gaétane da ta ɗauka duk namijin da ke zaune shi kaɗai yunwa ce za ta kashe shi. Ranar Lahadi bayan coci na bi ta gaban tsohon shagonmu na aron kaset. Sun cire allon, sun shafe bango da farin fenti. An ce wurin gyaran farce za a buɗe. Kusan shekara talatin ina ba mutanen garin nan aron finafinan duniya su kai gida, daga Japan har Senegal, yanzu kuma farce. Ban tsaya ba, na wuce.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na kwance kayana kaf, na zazzage kowane kwali sau biyu, ban ga wani kaset ba. Na Fernande ne. Shi ne wanda ba a mayar ba. Ina jin kin san zancen, ba sai na ja ba. Ki nemo min shi, ki turo min, kuma da sauri.

Kawunki,
Rosaire


Vancouver, tsakiyar Oktoba

Kawu Rosaire,

Na ji daɗin ganin takardarka, kuma rubutunka ya fi na likitan da ya ba ka abin kunnen. Ka fito da shi daga aljihun teburin nan, don Allah. Ni lafiya nake, sai ɗan mura. Ka gaishe min da Gaétane, ka kuma ci abin da ta kawo.

Maganar kaset, na tuna yadda Inna Fernande take ɗauko wanda take so ta danƙa wa mutum ta ce ya je ya kalla, ba ta ko rubuta sunansa. Ba mamaki wani ya tafi da nata bai mayar ba. In na yi zato, Lucien mahauci ne. Amma Kawu, bayan shekarun nan ba na jin za mu same shi a hannun kowa. Ka gaya min sunan fim ɗin, ko ƙasar da aka yi shi, ko abin da ka tuna a ciki. Nan wurin aikinmu ba abin da ba ma iya tonowa. Zan nemo maka sabo a faifai, mai hoto tangaran.

Ga labari mai daɗi. Kwalayen da na tattara daga shago ranar da ka je gwajin kunne duk sun iso ma'ajiyar finafinanmu lafiya. Na bar su yadda ka jera su a kan kantocin shago, kuma mutanen nan sun kusa shiɗewa da dariya. Su da suke jera fim da ƙasa da shekara, sai ga kwali an rubuta "Na ranar da aka kori mutum daga aiki", ga wani "Masu sa ka nemi mahaifiyarka", ga "Waɗanda ba a yin komai a ciki amma suna da kyau". Shugabarmu ta ce akwai na Iran da na Mali da na Poland a cikinsu da ba ta taɓa gani a hannun kowa ba.

Mun fara aiki a kansu. Kowane kaset sai an sa shi a injin wanki, ya ja zaren har ƙarshe, ya share ƙura, ya dawo da shi farko, kafin a kwafe shi. Mun fara da na Italiya. A ƙarshen wata zan tafi tsibiran arewa mu nuna finafinai a ƙauyuka, abokin aikina Declan zai ci gaba.

Taka,
Maude


Granby, ranar da takardarki ta iso

Maude,

Ina lafiya, ina fata murar ta sake ki. Ki tsayar da injin nan.

Ba Lucien ba ne, ba kowa ba ne. Kin manta allon da ke jikin ƙofar shago, wanda Fernande ta rubuta da hannunta? "Ka mayar kafin ka mayar." Ka mayar da zaren farko kafin ka mayar mana da kaset. Wannan mayarwar nake nufi. Kaset ɗin yana wurinki, cikin kwalayenki. Gidansa ruwan toka ne, ba hoto, an rubuta "matar keken ɗinki" a gefe. A ƙarƙashin teburin shago nake ajiye shi, bayan gwangwanin ƙusoshi. Kin share wurin da kyau, kamar yadda aka koya miki.

Kina ƙarama lokacin, bari in gaya miki. A ranar, ƙanƙara ta rufe titi, ko kare ba ya iya tsayuwa a kai, ba wanda zai zo aro. Muka rufe shago da rana muka hau gidanmu da ke samansa. Fernande ta zaɓo wani fim na Bulgeriya, baƙi da fari, da ya zo mana ba gida ba suna. Wata mata ce ta goya keken ɗinkinta a baya tana neman garin da mijinta ya tafi aiki. A lokacin ban iya bin rubutun ƙasan hoto ba, yana gudu ya bar ni. Fernande ce take karanta min da ƙarfi, ta yi muryar mata, ta yi ta maza, har ta limamin coci tana yi da hanci.

Matar ta iso bakin wani kogi da ya daskare. Ba gada. Wani kare yana haushi a tsallake. Na ce, "Da wannan nauyin? Ƙanƙarar za ta fashe da ita."

Fernande ta ce, "Kai dai ba ka taɓa yarda mace za ta kai inda ta nufa ba. Za ta haye."

Na ce, "In ta haye, ni zan dafa miyar wake har bikin Ista."

Ta ce, "Allah ya tsare mu da miyarka. Wanke-wanke za ka yi."

Matar ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙanƙara, sai wuta ta tafi. Muka zauna muna jira. Fernande ta nuna ni da yatsa ta ce, "Kada ka kuskura ka kalli sauran ba ni, tsohon macuci, na san halinka."

Sauran kin ji shi a bakin manya. Gida ya yi sanyin da ruwa ya daskare a kofi, aka kwashe mu zuwa ɗakin wasanni na makaranta, sanyi ya shiga ƙirjinta, daga nan asibiti. Kafin wuta ta dawo layinmu an binne ta. Kaset ɗin ya yi makonni a cikin na'urar bidiyo, zarensa a naɗe a ciki. Da wuta ta dawo na danna, ya fito, na sa shi a gidansa. Ban mayar ba, ban ƙarasa ba.

Ni da na hana Lucien aro wata guda saboda rashin mayarwa, ina da guda ɗaya da ba na so a mayar. In ka leƙa tagar kaset ɗin za ka ga zaren da ya rage a hagu, kaurinsa kamar babban yatsana. Nan ta tsaya. Kabarinta na coci ne, sun san inda yake. Wannan wurin ni kaɗai na san shi, kuma in injinku ya ja shi, ba wanda zai iya nuna min shi kuma.

Ba na son sabo a faifai. Na biya an sa wa takardar nan tambarin gaggawa. Allah ya sa ta same ki kafin ki tafi tsibiranki.

Rosaire


Granby, Nuwamba

Maude,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take. Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ba ta kwana ba.

Shiru daga wurinki. Kullum ina sauka in tsaya bakin akwatunan wasiƙa kafin mai kawowa ya zo, har ya fara girgiza min kai tun daga ƙofa. Na haɗiye girman kaina na roƙi Gaétane ta buga lambar wurin aikinki. Ta ce wata murya ce ta amsa da Ingilishi, ba mutum ba, tana cewa a danna kaza a danna kaza. Ta danna, ta faɗi saƙon da Faransanci, sau biyu, da ƙarfi. Ban sani ba ko akwai mai jin Faransanci a garinku in ban da ke.

Ina zaune ina ta bin kantocin shago a kaina. Kin ce da Italiya kuka fara. Na Italiya yawanci suna cikin "Masu sa ka nemi mahaifiyarka", suna da yawa, za su ɗau lokaci. Amma a wane kwali kika jefa abin da kika samu ƙarƙashin tebur? In a na ƙarshe ne, da sauran numfashi. In a saman na farko kika ɗora shi don cike gurbi, to ina rubuta wa iska ne.

Shi wannan Declan ɗin, yana da sauri a aiki? Ina roƙon Allah ya sa malalaci ne.

In ma kina fushi ne don na ce kin share wurin da kyau, ba da zafi na faɗa ba.

Kawunki


Vancouver, ƙarshen Nuwamba

Kawu,

Na dawo jiya, lafiya, na tarar da takardunka biyu a ƙarƙashin ƙofa. A tsaye na karanta su, jakata a kafaɗa. Ban yi fushi ba. Ko takalmi ban cire ba na koma wurin aiki.

Ba zan kewaya ba. Na same shi a cikin waɗanda aka gama. An wanke shi, an mayar da shi farko. Ni na ɗauko shi daga ƙarƙashin tebur, ni na karanta takardarka ta farko a gurguje na ba ta ma'anar da ta fi min sauƙi. Ka yafe min.

Na zauna a ƙasa da shi a hannu, sai Declan ya shigo. Ba malalaci ba ne, Kawu, shi ne matsalar. Ya ce, "Au, wannan. Ina jiran ki dawo ne a kansa. Zarensa ya murɗe a wuri ɗaya, can bayan tsakiya, kamar an bar shi a matse cikin na'ura ya daɗe. In kin yarda in yanke wurin in haɗe, ba wanda zai gane."

Na ce in ya kawo almakashi kusa da shi, yatsunsa zan haɗa da zaren.

Na kulle ƙofa na sa shi tun daga farko. Na ga keken ɗinkin, na ga limamin, har na ji yadda Inna za ta yi shi da hanci. Ta iso kogi, kare yana haushi. Ta ɗora ƙafa ɗaya, sai hoton ya yi rawa, fararen layuka suka ratsa shi, haushin karen ya ja ya yi kauri kamar nishi. Bai fi ƙiftawar ido uku ba.

Kawu, wurin bai ɓata ba. Makonnin da ya yi a matse cikin sanyi sun bar tabo a jikin zaren kansa, daidai inda wuta ta tafi. Injinmu ya share ƙura, bai iya share wannan ba. Ko sau nawa aka mayar, yana nan.

Zan naɗe shi da kyau in turo maka. Kuma gaskiyar Inna a zaɓe, matar nan ta burge ni har ƙarshe.

Taka,
Maude


Granby, Disamba

Maude,

Lafiya lau. Na yafe, wannan ya wuce. Maganar tabon na karanta ta har takardar ta yi laushi.

Amma me kike nufi da "har ƙarshe"? In matar ta burge ki har ƙarshe, to tana nan har ƙarshe, wato ta haye, wato kin gaya min. Kuma kin ce "gaskiyar Inna". Gaskiyarta a zaɓen fim, ko gaskiyarta a kan kogi? Shekarun nan duka na toshe kunnena, ko baƙo ɗan Bulgeriya ya shigo shago ba na barin hira ta yi nisa, sai ga shi a layi ɗaya kin ƙarasa min abin da aka ce kada in ƙarasa.

Ko kuwa ta nutse ne tana burge ki? Kada ki amsa wannan. Ki dai gaya min ko kin gaya min.

Rosaire


Vancouver, Disamba

Kawu,

Lafiya nake. Ga shi nan cikin safar ulu biyu, safar taka ce in ka kwance.

Ban gaya maka komai ba, don ban sani ba. Ƙarshena nake nufi, ba nata ba. Da hoton ya yi rawa na danna tsayawa. An ce kada a kalla ba ita, na ga ni ma ba a cire ni ba. Na so in bar maka shi a nan, sai na ga ba hannuna ya kamata ya ajiye shi a wurin ba, na mayar da shi farko yadda allon ƙofa ya ce.

Declan ya ga sauran lokacin da yake kwafa. Na sa ya rantse da mahaifiyarsa, kuma ba ya jin Faransanci, ba abin da zai iya yi maka.

Taka,
Maude


Granby, mako kafin Kirsimeti

Ƙaramata,

Ina lafiya, safar tana ƙafata. Ƙunshin ya iso yau da hantsi. Mai kawo wasiƙa da kansa ya hau min da shi sama, ya ce ya gaji da ganin fuskata a ƙasa.

Na leƙa tagarsa. Zaren duk ya taru a hagu, kamar sabon da ba wanda ya taɓa zama gabansa. Sai da na nemi kujera. Amma na yarda da maganarki, ba ki taɓa yi min ƙarya ba, in ban da ranar da kika ce ba ke kika saka biskit a bakin bidiyon shago ba.

Sauran kaset ɗin, ki gaya wa shugabarku kada ta kulle su a ɗaki mai sanyi tana alfahari. A falo aka san su, mutum da farantinsa a cinya, yara suna tambaya me ya ce. In kun kwafe, ku bar mutane su kai gida. Kuma kada ku taɓa sunayen kantocin. Wanda aka kora daga aiki ba ya neman Poland, abin da zai kalla yake nema.

Na riƙe bidiyo ɗaya daga shago, wanda ya fi sauran hankali. Ɗazu na buɗe shi na goge kansa da auduga, na gwada shi da wani fim na Mexico da ban damu da shi ba. Yana ja daidai.

Abu biyu ke damuna. Na farko, ban taɓa jin matar nan da wata murya ba sai ta Fernande. Yanzu na iya bin rubutun da kaina, a kan finafinan shago na koya bayan ta tafi, ina tsayarwa ina haɗa baƙi. Ban san da muryar wa zan ji shi ba. Na biyu, hannuna. Kin ce ƙiftawar ido uku. Yatsun nan sun yi nauyi, maɓallin riga ma sai na yi da gaske. In na makara, ƙafarta ta biyu za ta sauka ina kallo. Na yi ta gwadawa da na Mexico, ina tsayar da mutane a tsakiyar magana. Wani lokaci ina kamawa, wani lokaci ba na kamawa.

Gaétane ta ce za ta zo ta danna min. Na ce ta dai bar min miyarta a bakin ƙofa.

Gobe da safe, in na sha shayi, zan sauke labule, in jawo kujera kusa da na'urar yadda ba sai na miƙa hannu ba. Zan fito da abin kunnen nan in cusa, don in ji karen. Zan kalla tun daga farko, yatsana a kan maɓalli tun kafin ta iso kogi. Da hoton ya yi rawa zan danna, in fitar da shi, in auna zaren hagu da babban yatsana, in sa shi a gidansa. Daga nan in tashi in yi wanke-wanke, don wataƙila ita ce ta ci gardamarmu.

Kawunki,
Rosaire